Daga Faɗuwar Rana Zuwa Rufe Wuta: Sunayen Maraice a Turanci

A Kano ko Damagaram, almuru ba ya jan lokaci. Rana ta faɗi, ladan ya yi kira, kafin mutum ya idar da salla ya tsaya gaisawa a ƙofar masallaci, masu shayi sun kunna fitila. Kuma duk tsawon shekara faɗuwar rana ba ta cika fita daga tsakanin ƙarfe shida zuwa bakwai saura kaɗan ba. A Landan lamarin daban ne. A watan Disamba tun huɗu saura rana take faɗuwa, yara na tasowa daga makaranta duhu na bin su a baya. A watan Yuni kuwa sai bayan ƙarfe tara take ɓuya, sa'an nan haske ya maƙale a gefen sama ya ƙi tafiya. Daga ƙarshen Mayu zuwa wajen 20 ga Yuli, cikakken duhu irin wanda masana taurari suke nufi ba ya sauka a birnin ko sau ɗaya. Mutanen da suka yi ɗaruruwan shekaru a ƙarƙashin irin wannan sama, ba abin mamaki ba ne su tara wa maraice sunaye.

Sai dai ba sama kaɗai ce ta ba su sunayen ba. Wanda ya bi salsalar kalmomin zai tarar hannu uku ne suka zuba su cikin Turanci. Akwai manoman Angulo-Sakson da suka tsallako daga arewacin Jamus da Denmak tun ƙarni na 5, akwai malaman coci masu ibada da Latin, sai kuma sarakunan Normandi masu jin Faransanci da suka ci Ingila da yaƙi a 1066. Kowannensu da abin da ya dame shi idan rana ta yi sanyi. Manomi yana duban sauran hasken da ya rage masa, malamin coci yana jiran lokacin addu'a, basarake kuwa hankalinsa yana kan abincin dare da zaman lafiyar gari.

Ita kanta *evening*, wadda kowane ɗan firamare ya sani, ta manoman ce. A tsohon Turanci sunan wannan lokaci *æfen*, kuma har gobe ana jin 'yan'uwanta a maƙwabta: Bajamushe yana cewa *Abend*, mutumin Holan yana cewa *avond*. Daga *æfen* aka sami aikatau mai nufin yamma ta yi, daga aikatau ɗin kuma aka ƙera *æfnung*, wato gabatowar yamma, lokacin da haske ya fara ja da baya. Ke nan da farko *evening* ba sunan dukan maraicen ba ne, sunan shigowarsa ne kawai. Sannu a hankali 'yar ta ture uwar ta zauna a mazauninta, har ma ta zama abin kwaikwayo, domin a ƙarni na 13 ne aka ɗauki *morn*, tsohon sunan safiya, aka liƙa masa irin wutsiyar nan ya koma *morning* don su yi daidai.

Uwar ba ta mutu ba, ta dai tsuke. *Even* ta koma *eve*, ta kuma kama wani aiki na musamman: sunan maraicen da ke gaban babbar rana. Daga nan ne *Christmas Eve* da *New Year's Eve* suka fito. Dalilin ba zai yi wa Bahaushe wuyar fahimta ba. Coci ta gaji lissafin Yahudawa, wanda a cikinsa sabuwar rana take kamawa daga faɗuwar rana, kamar dai yadda yake a lissafin Musulunci. Shi ya sa daren Juma'a a wurinmu daren Alhamis ne idan an bi kalandar ofis, shi ya sa kuma ake fara tarawihi tun ba a kai azumin farko ba. Haka Kiristocin da suke fara bikin waliyyi tun daga addu'ar maraicen da ke gabansa. Da tafiya ta yi tafiya sai ma'anar *eve* ta faɗaɗa ta haɗiye yinin baki ɗaya, ta zama daidai da abin da muke kira jajibiri. *Halloween* ma, da ake gani a finafinan Amurka yara suna sa dodon fuska suna bin gidaje neman alewa, gutsuren wannan kalma ce. Cikakken sunan shi ne *All Hallows' Even*, jajibirin ranar dukan waliyyai, wadda take faɗowa 1 ga Nuwamba. Mutanen Sikotland ne suka cinye tsakiyar sunan suka bar shi yadda yake a yau.

Akwai wata shaidar cewa kakannin Turawan Ingila dare suke sa wa gaba. Marubucin Rum, Tacitus, ya rubuta wajen shekara ta 98 bayan haihuwar Annabi Isa cewa ƙabilun Jamus darare suke ƙirgawa, ba yini ba. Al'adar ta bar sawunta a *fortnight*, mako biyu, wadda asalinta darare goma sha huɗu ne aka dunƙule. Tana da ƙanwa, *sennight*, darare bakwai, amma ita an daina jin ta sai a tsofaffin littattafai. Mu ma da muke cewa kwana bakwai ko kwana arba'in, barcin da aka yi muke lissafawa.

Sai *eventide*, wadda yanzu ba mai faɗinta a kasuwa. Rabinta na biyu, *tide*, da can lokaci take nufi, 'yar'uwar *Zeit* ta Jamusanci, tun kafin ta koma sunan cikowa da janyewar teku. Abin da ya riƙe kalmar a raye waƙar coci ce: *Eventide* shi ne sunan karin da William Henry Monk ya sa wa waƙar *Abide with Me* a 1861. Masu kallon ƙwallon Ingila sun sha jin karin ko da ba su san sunansa ba, domin tun 1927, shekarar da Cardiff City ta doke Arsenal, ake rera shi kafin a take wasan ƙarshe na kofin FA.

Inda Turanci ya fi yin zurfi shi ne a wannan ɗan tsakanin da rana ta tafi amma dare bai iso ba. Kalmomi uku ne suke rabon sa, kuma ba ɗaya suke ba, ko da yake ƙananan ƙamus sukan haɗa su a kwando guda.

*Dusk* da farko ba ta da alaƙa da lokaci sam. Launi ce. A tsohon Turanci *dox* na nufin abu mai duhu-duhu, kamar gashi ko fata, kuma tushenta ɗaya da *fuscus* ta Latin. Sai a ƙarni na 17 ta tsaya da ƙafarta a matsayin sunan lokacin da komai ya rine ya yi toka-toka. Shi ya sa har yanzu ta fi karkata ga ɓangaren duhu, lokacin da za ka hangi mutum tafe amma ba za ka iya cewa wane ne ba sai ya yi sallama. *Gloaming* kuwa ta karkata ga ɓangaren haske, don danginta ɗaya da *glow*, wato annurin garwashi ko jan da ke saura a yamma. Ta kusa ɓacewa daga bakin mutanen kudancin Ingila, amma ta samu mafaka a Sikotland, inda maraicen bazara ya fi tsawo, har marubutan can irin su Robert Burns suka dawo da ita cikin adabi a ƙarshen ƙarni na 18. Can arewa ƙwarai, a tsibiran Shetland, inda a tsakiyar Yuni sama ba ta yin baƙi har gari ya waye, suna da nasu sunan, *simmer dim*, dishi-dishin bazara. Mutanen Devon a kudu maso yamma kuma suna cewa *dimpsy*.

Ta ukun, *twilight*, ita ce ta yi nisa fiye da sauran, domin ta bar hannun mawaƙa ta shiga hannun masu lissafi. Farkonta, *twi*, shi ne dai tushen *two* da *twin* da *between*, haske ne da ya tsaya tsakanin abu biyu, don haka ana kiran na asuba ma da sunan. Masana taurari sun yanka ta gida uku bisa ga nisan da rana ta nutse ƙarƙashin layin da sama ta haɗu da ƙasa. Daga faɗuwarta zuwa digiri 6, ana ce wa lokacin *civil twilight*: mutum zai iya ƙarasa aikinsa a waje ba tare da fitila ba. A Kano wannan bai cika wuce minti ashirin da 'yan kai ba, a Landan kuwa a watan Yuni yakan haura minti arba'in da biyar. Daga digiri 6 zuwa 12 na matuƙan jirgin ruwa ne, *nautical twilight*, kuma sunan yana da dalili mai kyau. Kafin zuwan tauraron ɗan Adam, matuƙi yana gane inda yake a tsakiyar teku ne ta hanyar auna tsayin wani tauraro daga layin ruwa. Da rana babu taurari, cikin dare kuma layin ruwan ya ɓace. Wannan ɗan lokacin ne kaɗai ake ganin su biyun tare, saboda haka duk wanda ya yi sakaci da shi sai ya jira asuba. Daga digiri 12 zuwa 18 kuma *astronomical twilight* ne, bayansa sai duhu tsantsa, lokacin da ƙananan taurari suke fitowa.

Wannan lissafi ba baƙo ba ne ga duk mai manhajar lokutan salla a wayarsa, ko da bai taɓa leƙa cikinta ba. Ɓacewar shafaƙi da ketowar alfijir da malaman fiƙihu suke magana a kai, da waɗannan digirori ake ƙiyasta su. Tsarin Rabiɗatul Alamil Islami yana sa isha'i a digiri 17, asuba a 18. Kalandar Ummul Ƙura ta Makka kuwa tana ƙirga minti 90 ne daga magariba. To a Landan, a tsakiyar bazara, rana ba ta nutsewa fiye da kimanin digiri 15, sai ta juyo. Ma'ana alamar ba ta cika ko kaɗan, dole masallatan can su koma ga ƙaddara lokaci. Wanda ya taɓa yin azumi a Ingila a watan Yuni ya san *twilight* a jikinsa fiye da yadda kowane ƙamus zai bayyana masa.

Hannu na biyu, na coci, ya zo da *vesper* daga Latin, 'yar'uwar *hesperos* ta Girkanci. Dukansu suna nufin maraice da kuma tauraron da ke fara fitowa a lokacin. Tushen da ya haife su shi ne ya haifi *west*, yamma ta jiha, inda rana take faɗuwa. A nan harsuna da yawa sun yi tunani iri ɗaya ba tare da sun haɗa baki ba: yamma a Hausa jiha ce kuma lokaci ce, magariba da muka aro daga Larabci tushenta ɗaya da *garb*, wato yamma ta jiha, Jamusawa kuma suna kiran ƙasashen Yamma *Abendland*, ƙasar maraice. Shi tauraron, Girkawan farko sun ɗauka biyu ne, *Hesperos* na maraice da *Phosphoros* na asuba, kafin su gane duniya ɗaya ce take fitowa wani lokaci gaban rana, wani lokaci bayanta. Mu ma suna biyu muka ba ta, Zara matar wata da maraice, Gamzaki da asuba. A 1892 masanin falsafa ɗan Jamus, Gottlob Frege, ya ɗauki wannan misali ya nuna yadda sunaye biyu za su iya nuna abu guda amma kowanne ya ɗauko wani sani daban. Jemage ma ya samu rabonsa, domin Rumawa suna ce masa *vespertilio*, ɗan maraice, kuma da sunan nan masana dabbobi suke kiran mafi girman dangin jemagu. Wata kalmar Latin ɗin, *crepusculum*, ta ba da *crepuscular*, siffar dabbobin da ke fitowa kiwo da almuru da kuma sassafe, irin su zomo.

A coci, *vespers* ita ce addu'ar maraice, kuma ta shiga tarihi da jini a ƙarshen Maris na 1282. A lokacin da ake kaɗa ƙararrawar wannan addu'a ne mutanen Palermo suka yi wa sojojin Faransa bore, wutar ta bazu a tsibirin Sisili, aka kashe Faransawa dubbai, Sarki Charles na Anjou ya rasa tsibirin. Har yau *Sicilian Vespers* ake kiran abin. Ingila tana da tata kalmar ta gida, *evensong*, waƙar maraice. Malamin coci Thomas Cranmer ya haɗa addu'ar maraice da ta kwanciya barci a ƙarƙashin wannan suna cikin littafin addu'o'in cocin Ingila na 1549, kuma BBC tana watsa ta a rediyo tun 1926.

Abin dariya a lissafin coci shi ne abin da ya sami *noon*. Asalinta *nona hora*, sa'a ta tara daga fitowar rana, wato wajen ƙarfe uku, gab da la'asar. Bayanin da aka fi kawowa shi ne addu'ar wannan sa'a da abincin da ke biye da ita suka riƙa matsowa baya-baya, sunan yana biye da su, har zuwa ƙarni na 14 ya tsaya a tsakar rana. Yunwa ta ja kalma baya da sa'a uku.

Hannu na uku ya kawo kalmar da ta fi kowacce shiga labaran rediyo a zamaninmu: *curfew*, dokar hana fita. Asalinta Faransanci ne, *cuevrefeu*, rufe wuta. Gidajen biranen Turai na zamanin da na katako ne da jinka, a cunkushe, murhu kuma a tsakiyar ɗaki yake. Tartsatsi ɗaya cikin dare ya isa ya lashe unguwa. Saboda haka da maraice, galibi ƙarfe takwas, sai a kaɗa ƙararrawa, kowace uwargida ta tattara garwashinta wuri guda ta binne da toka, ko ta kifa masa wani murfin ƙarfe ko na yumɓu mai kunne, wanda shi ma sunansa *curfew*. Ba kashe wutar ake yi ba, kwantar da ita ake yi, don da safe a tona a hura, a zamanin da babu ashana. Turawa sukan danganta dokar ga William, Banormanden da ya ci Ingila, amma al'ada ce da ta game ƙasashen Turai da dama. Tsoron kuwa ba na banza ba ne. Gobarar da ta tashi cikin dare a gidan wani mai gasa burodi a Landan ranar 2 ga Satumba 1666 ta cinye gidaje sama da 13,000.

Da yake wanda ya rufe wuta ba shi da sauran abin yi a waje, ƙararrawar ta zama alamar kowa ya shige gida, daga nan ma'anar ta zarce zuwa dokar hukuma. A wasu wurare ba a daina kaɗa ta ba. A kwalejin Christ Church ta Oxford, babbar ƙararrawar da ake kira Great Tom tana bugawa sau 101 kowane dare, adadin ɗaliban kwalejin na da, don a da alama ce ta su dawo kafin a kulle ƙofa. Kuma tara da minti biyar take bugawa, ba tara daidai ba, saboda Oxford tana yamma kaɗan da Greenwich, inda ake ɗaukar agogon ƙasar, agogon ranarta yana baya da minti biyar. Wannan *cuevre* mai nufin rufewa ta iso har aljihunmu ta wata hanya: *kerchief* asalinta rufe kai ne, wato ɗankwali, aka ƙara mata *hand* ta zama *handkerchief*, mu kuma muka mayar da ita hankici.

Faransawan ne kuma suka raɗa wa abinci suna. *Supper* danginta ɗaya da *soup*, gurasa ce da ake tsomawa a romo kafin a kwanta. *Dinner* kuwa labarinta ya fi ban mamaki, don tushenta na nufin karya azumi, wato abincin farko na yini. A tsakiyar zamanai da hantsi ake cin ta. Masu hali suka riƙa jinkirta ta, kyandir da fitilar gas suna taimaka musu, har zuwa zamanin Sarauniya Victoria ta kai ƙarfe bakwai ko takwas na dare, *lunch* ta shigo ta cike gurbin rana. Talakawa ba su bi su ba. Har yau a arewacin Ingila mutane da yawa suna kiran abincin rana *dinner*, na maraice kuma *tea*, ko da babu shayi a teburin, kuma Bature yana iya gane ajin mutum daga wannan kaɗai. Dina da ake yi a bukukuwan aurenmu ta masu halin ce muka ɗauko. *Soirée*, liyafar maraice, daga *soir* take, ita kuma daga *serus* ta Latin mai nufin makara. *Serenade*, waƙar da saurayi yake rerawa a ƙarƙashin tagar budurwa, daga Italiya ta biyo, tushenta sama garau ne, amma kamarta da *sera*, maraice, ya sa ta manne wa lokacin.

Mafi sauƙin kalmomin, *sunset* da *sundown*, ba su buƙatar tonon asali, amma abin da aka gina a kansu ba duka ne mai daɗi ba. *Sundowner* giya ce da Turawan mulkin mallaka suke kurɓa a baranda idan rana ta faɗi. A Ostireliya kuma sunan ɗan yawon da ke isa gonar tumaki daidai faɗuwar rana ne, lokacin da aiki ya ƙare amma ba a ci abinci ba. A Amurka akwai *sundown town*, garuruwan da suka hana baƙar fata kwana a cikinsu, wasu har da allon gargaɗi a bakin gari cewa kada rana ta faɗi ta same su a nan. Masanin zamantakewa James Loewen ya rubuta littafi sukutum a kansu a 2005, ya nuna cewa a jihohin arewa suka fi yawa, ba a kudu ba kamar yadda ake zato. Likitoci suna cewa *sundowning* ga ruɗewar da ke ƙaruwa wa tsofaffi masu ciwon mantuwa idan yamma ta yi, 'yan majalisa kuma suna da *sunset clause*, sharaɗin da ke sa doka ta mutu da kanta idan wa'adinta ya cika.

Saura abu ɗaya da ke yawan kayar da mai koyo. *Good evening* da *good night* ba sa'o'i ne suka raba su ba, aiki ne. Ta farko gaisuwar isowa ce, ta biyu sallamar rabuwa ce, daidai da sai da safe. Idan ka shiga gidan Bature ko da ƙarfe goma sha ɗaya na dare ne, *good evening* za ka ce. Ka ajiye *good night* sai ka miƙe za ka tafi.